Katin dala 300 da abin da ya same ni a wata na 13

Lambar da ta hana ni gida 541 ce. Wani dillalin gidaje ne a unguwar Bronx ta birnin New York ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa a watan Janairun 2021, ya ɗora yatsa a kanta, ya ce albashina ya isa, takarduna sun cika, amma ba ya jin akwai mai gidan da zai miƙa mini makulli da irin wannan maki. A lokacin na kusa shekara biyar a Amurka, ina zaune ɗaki ɗaya da wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke kira Kawu. Takardun iyalina sun yi nisa, ana sa ran maiɗakina da yara biyu za su iso cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma ba a ɗakin gwauraye zan sauke su ba.

Wanda bai zauna ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda lamba ke hana mutum wurin kwana. A gida, in za a ba ka haya ko a ɗora maka kaya bashi a kasuwa, mutane ake tambaya: ɗan gidan wa ne, wa ya san shi, wa zai tsaya masa. A nan kamfanoni uku ne ke riƙe da tarihin bashin kowa, Equifax da Experian da TransUnion. Daga abin da suka rubuta ake fitar da maki, wanda aka fi sani shi ne na FICO, yana farawa daga 300 ya ƙare a 850. Duk wanda ke ƙasa da 580 ana yi masa kallon mai rauni. Sai ka kai 670 ake fara cewa kana da kyau. 'Yan'uwanmu a nan kiredit kawai suke cewa. Ka ji ana tambayar mutum a bakin masallaci, "Ya kiredit ɗinka?" kamar ana tambayar lafiyar iyali.

Nawa wayar salula ce ta ɓata shi. A 2019 mahaifina ya kwanta ciwo, na tafi Katsina da niyyar yin mako uku, na yi wata huɗu, sai da aka yi sadakar arba'in na dawo. Layin da na bari a nan na kwangila ne. Ni a tunanina in ba ka biya ba yanke layin za su yi, a wuce wurin. Sun yanke, amma sun ci gaba da lissafi, kuɗi ya kai dala 412, suka miƙa shi ga kamfanin masu karɓo bashi, su kuma suka kai sunana gun kamfanonin nan uku. Irin wannan tabo shekara bakwai yake yi a takardar mutum. Abin da ya ƙara muni shi ne babu wani abu a takardar tawa sai shi kaɗai. Ni da nake taƙamar ban taɓa cin bashin banki ba, ashe rashin cin bashin ma laifi ne. Shekara huɗu ina zubin adashi da mutane goma sha ɗaya, dala 200 duk mako biyu, ban taɓa fashi ba ko sau ɗaya, amma uwar adashi ba ta aika wa Equifax rahoto.

Kawu ya ce in je banki in ajiye dala 200 ko 300 su ba ni katin jingina, wato katin da iyakar bashinsa daidai take da abin da ka ajiye, in ka yi 'yan watanni kana biya su mayar maka da kuɗinka. Na yi dariya. Na ce, "Kawu, in ɗauki kuɗina in ba banki, sannan banki ya ranta mini kuɗin nawa? Wannan ai rainin hankali ne." Bai ja ba. Ya ce, "To, ɗana, duba akwatin wasiƙu, masu ba ka nasu suna nan."

Suna nan kuwa. Tun da makina ya faɗi ambulan suke zuwa, wani mako biyu, wani mako uku, kowanne da sunana da manyan baƙaƙe, an tantance ka, ba a bukatar ajiya, za mu kai rahotonka ga kamfanoni uku duk wata. Da nakan zuba su a shara. A daren da na dawo daga wurin dillalin na tsince uku daga cikin kwandon, na baje su a kan gado.

Kafin in cika komai sai da na tsaya bayan sallar Juma'a na tambayi Malam, don maganar kuɗin ruwa ta tsaya mini a rai. Bai yi mini gaggawa ba. Ya ce malamai sun saɓa: wasu na ganin sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa shi kansa bai halatta ba, ko da mutum ba zai taɓa biyan ruwan ba, wasu kuma sun yi sauƙi ga mazauna irin waɗannan ƙasashe saboda bukata, da sharaɗin mutum ya riƙa biyan duk abin da ya ci kafin wa'adi, ta yadda ko santi ɗaya na ruwa ba zai hau kansa ba. Ya ce, "In ka ɗauki ra'ayi na biyu, to ka riƙe sharaɗin da haƙori." Na ce in sha Allah. Wannan alkawari shi ne abin da ya fi ci mini rai daga baya, fiye da duk dalolin da na yi asara.

Cika takardar a intanet bai kai minti goma ba. Suna, adireshi, lambar Social Security da gwamnati ke ba mutum, abin da nake samu a shekara, kuɗin hayar da nake biya. Na danna, allon ya ɗan juya, sai ga barka: an amince, iyakar bashi dala 300. Ban ɓoye ba, na ji daɗi. Mutumin da aka kora jiya yau an ce masa bismillah.

Shafi na gaba ne ya ce kafin a buɗe asusun sai na biya dala 95, kuɗin shiga tsari, kuma ba daga katin za a cira ba, daga asusun bankina za a ɗauka. Na ɗan yi jim. Na ce a raina sau ɗaya ne, da babu gara ba daɗi. Na biya. Ƙarshen Fabrairu katin ya zo, na kira lambar da ke manne a jikinsa na buɗe shi, muryar na'ura ta ce mini abin da zan iya kashewa dala 225 ne. Na ɗauka kunnena ne. Na sake saurare. Kuɗin shekara, dala 75, an riga an ɗora shi a kan katin tun kafin ya iso hannuna. Ban sayi ko ruwan leda ba, ana bina 75, ga 95 da suka riga suka tafi. Dala 170 ke nan don a ba ni izinin rancen 300.

Duk wannan yana rubuce, kada in yi musu ƙarya. Akwai wani akwati mai layi-layi da doka ta tilasta a saka a kowace takardar tayin kati tun 1988, ana kiransa da sunan Chuck Schumer, ɗan majalisar New York da ya kawo dokar, wanda daga baya ya zama sanata. A ciki ake jera kuɗin ruwa da duk wani caji. Na gan shi. Na karanta layin farko, ruwa kusan kashi 36 cikin 100 a shekara, na ce wannan bai shafe ni ba tunda ba zan bar bashi ya kwana ba, na tsallake sauran.

Kuskurena na farko a watan farko na yi shi. Na shiga kantin 'yan Afirka na yi cefanen dala 120 da katin, shinkafa da manja da busasshen kifi, ina jiran takardar lissafi ta fito in biya duka. Ta fito da dala 195, na biya tas kafin wa'adi, ina jin kaina gwani. Da na duba maki bayan mako biyu, maimakon ya hau sai ya ɗan sauka. Wani direban tasi ɗan Damagaram ne ya warware mini a wurin shan shayi. Ya ce banki ba ya gaya wa kamfanonin nan abin da ka biya daga baya, abin da ke kanka ranar da aka rufe lissafin wata shi yake aikawa. Nawa 195 cikin 300, kashi 65 ke nan, kamar wanda ya kusa shaƙewa. Kuma wannan rabo na abin da ka ci da abin da aka ba ka izini yana cikin sashen da ke ɗauke da kusan kashi 30 na makin FICO. Biya a kan lokaci ne kawai ya fi shi nauyi, da kashi 35. Shawarar da kowa ke bayarwa kada ka wuce kashi 30, in ka iya ka tsaya ƙasa da 10. To a katin dala 300, kashi 10 dala 30 ne. Kuɗin shekarar da suka ɗora mini shi kaɗai ya cinye kashi 25.

Daga nan na yi wa katin aiki ɗaya. Na ɗora masa kuɗin sabon layina na waya, dala 30 a wata, na je manhajar bankina na ba da umarni duk wata a aika wa katin dala 30, na saka katin cikin aljihun jakar fasfo na manta da shi. Na kuma zaɓi a daina aiko mini da takardar lissafi ta gidan waya. A cikin bazarar shekarar na kwashi adashi na biya tsohon bashin wayar gaba ɗaya. Makin bai yi tsalle ba, don tsohon tsarin FICO da wurare da yawa ke amfani da shi yana ci gaba da ƙirga tabon ko da an biya, amma ni dai na sauke nauyi. Wata goma sha ɗaya komai lafiya. Maki ya riƙa tafiyar hawainiya, 560, 580, ya haura 600. A nan ba ni da ƙorafi, katin ya yi abin da aka ce zai yi.

Farkon Maris na 2022 ina cikin jirgin ƙasa na layin D, mun fito daga tashar Fordham, saƙo ya shigo wayata daga manhajar katin. Barka, saboda kyakkyawan tarihinka ka cancanci ƙarin dala 100 a iyakar bashinka. Sun nemi in sabunta abin da nake samu a shekara, na sabunta. Ga wani babban maɓalli kore, ga wasu ƙananan rubutu a ƙasansa masu launin toka. Jirgi na girgiza, ina tsaye hannu ɗaya a ƙarfe. Na danna. Har na ɗauki hoton allon na aika wa maiɗakina, na ce bankin Amurka ya ƙara mini girma. Ta amsa da cewa, "Allah ya ƙara ɗaukaka, Baban yara, mu dai a samu gidan."

Sai tsakiyar Afrilu na buɗe manhajar don wani dalili daban, na ga ana bina dala 115 da 'yan santi. Na zauna a bakin gado na buɗo takardun wata biyu. Ta Maris tana ɗauke da kuɗin wayata 30, kuɗin shekara ta biyu 45, wani sabon abu wai kuɗin kula da asusu na wata-wata dala 6.25, sai kuɗin ƙarin iyaka dala 25, wato kashi 25 na ɗarin da suka ƙara mini. Jimla 106.25. Bankina, bawan Allah, ya aika 30 kamar yadda na umarce shi. Talatin ɗin ta cika mafi ƙarancin abin da ake nema, don haka ba a ci ni tarar jinkiri ba, ba a kuma aiko mini da wani gargaɗi ba. Ragowar 76.25 ta tsallaka wata. A takardar Afrilu kuwa, can ƙasa, ga layin da na yi wa Malam alkawarin ba zan taɓa gani ba: kuɗin ruwa, dala 3 da 'yan santi.

Dala uku ko kofin shayi da burodi ba za ta saya maka a Manhattan ba. Amma na daɗe ina kallon layin. Ruwan bai hau kan wani abu da na ci ko na sha ba, a kan cajinsu ya hau. Na biya duka a daren. Wata mai zuwa sai ga wata kusan dala 2, ruwan kwanakin da suka gifta tsakanin ranar rufe lissafi da ranar da na biya. Ashe da zarar ka bar bashi ya tsallaka wata, rangwamen kwanakin nan da doka ta ce kada su gaza 21 tsakanin aiko takarda da wa'adin biya ya daina kare ka daga ruwa, har sabon abin da ka saya daga ranar saye yake fara tarawa, sai ka share komai kafin a dawo maka da shi.

Na kira su. Matar da ta ɗauka ta yi mini ladabi matuƙa. Ta ce, Yallabai, kai ka amince da ƙarin, kuma an nuna cajin kafin ka danna. Na ce to a janye ƙarin a mayar mini da 25 ɗina. Ta ce za ta iya rage iyakar in ina so, amma kuɗin ba ya dawowa, kwanakin da aka ware don canza ra'ayi sun wuce. Na tambayi na wata-watan. Ta ce yana cikin yarjejeniyar da na karɓa tun farko, an yafe shi a shekarar farko, yana farawa a ta biyu. Kalmar yafewa ɗin nan ta tsaya mini. Me ya sa mai karɓar 95 kafin ya buɗe ƙofa zai yi mini kyautar shekara guda?

Amsar a wani ofishi na same ta. Gwamnatin birnin New York na da wuraren ba da shawara kan kuɗi kyauta, ta lambar 311 ake neman lokaci. Na je da takarduna cikin leda. Matar da ta zauna da ni ta ɗauki biro ta rubuta 300, ta raba huɗu, ta zagaye 75. Ta ce ka ga wannan? Ba su suka zaɓi 75 ba, doka ce ta tsayar da su a nan. A watan Mayun 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar gyaran katunan bashi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ta hana shi ne a caji mutum fiye da kashi 25 na iyakar bashinsa a shekarar farko ta buɗe asusu, ban da tarar jinkiri da makamantanta. Kafin dokar akwai katunan da caji ke cinye fiye da rabin iyakar tun ranar farko. Na ce to 95 ɗin fa, ai 170 ya haura rabin 300. Ta yi murmushi. Ta ce wancan kafin buɗe asusu ka biya shi, doka kuwa shekarar farko bayan buɗewa take ƙirgawa. A 2011 babban bankin Amurka ya yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, ya ce a haɗa har da abin da aka karɓa kafin buɗewa. Wani banki ya kai ƙara kotun tarayya a Dakota ta Kudu, kotu ta dakatar da sabuwar ƙa'idar, a 2013 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta mayar da rubutun yadda yake da. Kafar na nan har yau.

Daga nan sauran ya fito fili ba sai ta faɗa ba. Ba yafe mini kuɗin wata aka yi ba, babu gurbin da za a saka shi ne a ƙarƙashin kashi 25. Tayin ƙarin iyaka ma da sun kawo shi a wata na shida ko na goma, ba za su iya karɓar ko santi a kai ba, don 75 ta riga ta cika ma'auni. Sun jira shekara ta cika, kariyar doka ta ƙare, a wata na 13 komai ya sauko lokaci guda. Kyakkyawan tarihina da suke yabo na nan tun wata na shida. Kalanda suke kallo. A shekara ta biyu 45 da 75 na wata-wata sun kama 120, fiye da 75 ɗin da suka ɗora a kan katin a shekarar farko, alhali a takarda kuɗin shekara sauka ya yi daga 75 zuwa 45.

Na yi mata wata tambayar da ta daɗe tana damuna. Na ji ana cewa a jihar New York doka ta hana ruwa ya wuce kashi 16, wanda ya haura 25 ma laifi ne babba, to yaya kati ke karɓar 36 a tsakiyar Bronx? Ta ce in duba adireshin bankunan da ke aiko mini da ambulan. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa banki mai rajistar tarayya zai iya cajin ruwan da jiharsa ta yarda da shi ga mutumin kowace jiha. Dakota ta Kudu ta cire iyakar ruwa a 1980, Citibank ya kwashe sashen katunansa daga New York ya kai birnin Sioux Falls na jihar a 1981, jihar Delaware ta bi sahu. Da na koma gida na juya ambulan da suka taru, kusan babu wanda ya fito daga New York.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne lissafin ƙarin. Ƙarin iyaka ba mugun abu ba ne. In kana cin 150 a katin 300, aka mayar da shi 600, rabonka ya sauka daga kashi 50 zuwa 25, maki zai ji daɗi. Yawancin katunan da ake ba masu maki mai kyau ba sa karɓar komai a kan haka, wani lokaci ma da kansu suke ƙarawa, abin da kawai ake cewa ka tambaya shi ne ko za su yi binciken da ke barin alama a takardarka, wanda ke zama shekara biyu, ko leƙe ne kawai da ba ya taɓa maki. Amma ni 30 nake ci. Talatin cikin 300 kashi 10 ne, cikin 400 kashi 7 da rabi. Na biya dala 25 na sayi izinin rancen ɗarin da ban taɓa taɓawa ba, ba kuma zan taɓa ba. Su kuwa abin da suka yi shi ne canza 3 zuwa 4 a kwamfuta. Yabon na saya, ba ƙarin ba.

Na ce mata zan rufe katin a ranar. Ta ce in dakata. In na rufe shi ba ni da wani buɗaɗɗen asusu da ke kai rahoto, ga shi gida nake nema. Ta ce in fara buɗe wani, in bar shi ya yi 'yan watanni yana bayyana a takardata, sannan in sallami wannan. Wane iri zan buɗe? Katin jingina, a bankin haɗin gwiwa na unguwa, ba kuɗin shekara, ba na wata. Da na dawo na gaya wa Kawu, bai ce komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa, amma na ga gemunsa na motsi. Na kai dala 300 na ajiye a watan Mayu. Da tun farko na ƙara 30 a kan 170 ɗin da na zubar, da na samu irinsa na 200, kuma kuɗin na nan nawa.

Kawu dai bai goyi bayan rufewar ba. Shi abin da ya sani shi ne ba a rufe tsohon kati, tsufan asusu na ƙara maki. Da gaskiyarsa ta wani gefe, tsawon tarihi na da kashi 15. Amma asusun da aka rufe lafiya ba ya ɓacewa nan take, yakan zauna a takardar mutum har shekara 10 ana ƙirga shekarunsa. Abin da kake rasawa nan da nan shi ne iyakar da yake ba ka. Kuma wannan karin magana ta kada a rufe tsohon kati an yi ta ne don katin da ba ya cin komai, ba wanda ke cin dala 120 a shekara yana kwance cikin jakar fasfo ba.

A Satumba saƙo ya sake zuwa, wannan karon ƙarin dala 200. Na faɗaɗa ƙananan rubutun da yatsu biyu: 50. Na rufe manhajar.

Oktoba na kira don rufewa. Na fara cire kuɗin wayata daga katin na mayar kan na jingina, na biya duk abin da ke kai, na jira ya nuna sifili. Kiran ya ɗauki kusan minti ashirin da biyar. Na farko ya miƙa ni ga na biyu, na biyu aikinsa hana tafiya. Ya ce makina zai faɗi. Na ce na sani. Ya ce za su ɗauke mini kuɗin wata na wata uku. Na ce na gode. Ya ce akwai wani ƙarin iyaka da na cancanta. A nan dariya ta ƙwace mini, shi ma na ji kamar ya yi. Na nemi a aiko mini da wasiƙar shaida cewa an rufe bisa bukatata kuma babu sauran bashi. Na bar manhajar a wayata wata guda ina dubawa, kada wata dala 6.25 ta faɗo bayan rufewa ta zauna ba a biya ba, don kwana 30 na jinkiri ya isa a sake yi mini tabon shekara bakwai a kan kuɗin da bai kai na farantin shinkafa ba. Daga baya na shiga AnnualCreditReport.com, inda ake karɓar takardun kamfanonin uku kyauta, na tabbatar kowanne ya rubuta an rufe, ba bashi.

A daren na yi jimla a bayan wani ambulan. Shiga tsari 95, shekarar farko 75, ta biyu 45, ƙarin iyaka 25, wata takwas na kula da asusu 50, ruwa kusan 5. Dala 295 cikin wata ashirin, saura biyar ya kai abin da suka ce za su ranta mini a ranar farko. Maki ya kai 655 kafin rufewa, ya sauka kamar goma, ya dawo bayan wata biyu. A farkon 2023 na sa hannu a gida mai ɗaki biyu da 668 da takardun albashi na wata uku, bankin haɗin gwiwa kuma ya mayar mini da ɗari ukuna ya bar mini katin, ya ƙara iyakar zuwa 500 ba tare da ya nemi komai ba. Na je na gaya wa Malam maganar dala biyar ɗin ruwan. Ya ce in yi istigfari in kiyaye gaba, ya tambaye ni yaushe yara za su iso.

Akwai hanyar da mutum zai hana a riƙa aiko masa da ambulan nan, a shafin OptOutPrescreen, na shekara biyar ko na har abada. Na cika, amma kafin ta fara aiki ɗaya ya riga ya taso, ya biyo ni har sabon gida. Kamfanin da na bari ne. Suna marhabin da dawowata, iyaka dala 700. Na juya bayan takardar na nemi akwatin, kuɗin shekarar farko dala 175. Ban ɗauko kalkuleta ba. Maiɗakina ta karɓi ambulan ɗin ta rubuta cefanen Asabar a bayansa.